Na'urar tace iska a ɗakin yara: tana rage tarin hunturu ko asarar kuɗi ce?

Abban_Ilham:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema wajen waɗanda suka sani. Ɗiyata shekararta huɗu, duk sanda hunturu ya kama sai tari ya sarƙe ta, musamman daga tsakar dare zuwa asuba, har ka ji ƙirjinta na ƙara. Mun je asibiti an ce asma ce, an ba mu abin shaƙa. To wani abokin aikina ya ce in sayi na'urar tace iska in aje a ɗakin da take kwana. Na duba kuɗinta ba na wasa ba ne, ga wutarmu ta nan Ƙofar Ƙaura kun san halinta. Wanda ya taɓa amfani da ita a garin ga ya faɗa mani gaskiya, tana aiki ko kayan 'yan gayu ne kawai?

Bakatsine_Zalla:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba ta lafiya. Amma Malam, ƙurar Katsina za ka tace da na'ura? Kakanninmu da mi suka tace ta? Ka samu zuma da citta da man kaɗanya, ka riƙe kuɗinka.

Maman_Hanif:
Amin. Ni ina da ita, wannan hunturun ne na biyu da nake kunna ta. Gaskiya ɗana ya samu sauƙin atishawar safe da toshewar hanci. Sai dai in gaya maka abin da mai shago bai gaya mani ba: matacin cikinta canza shi ake yi, ba wankewa ba. A takardarta an rubuta yana kai wata shida zuwa shekara, amma ƙurar nan tamu ba ta san da wannan lissafin ba. Kafin hunturu ya fita na buɗe bayanta na tarar farin matacin ya koma launin jar ƙasa. Neman sabo kuma sai da na aika Kano. Kafin ka biya kuɗi ka tambayi inda za ka riƙa samun mataci, in ba haka ba fanka mai tsada ka saya.

Injiniyan_Sola:
Maman Hanif ta taɓo inda ya dace. Bari in ɗan buɗe wa Abban Ilham cikin abin, don ba wani siddabaru a ciki. Fanka ce ke zuƙo iskar ɗaki, ta tura ta cikin mataci, ta fito da ita. Shi ke nan. Matacin kirki shi ne wanda aka rubuta HEPA a jikinsa, ma'auninsa shi ne ya kama kashi 99.97 cikin ɗari na ƙwayoyin ƙura da hayaƙi da girmansu ya kai maikiron 0.3 (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). In ka ga an rubuta wani abu mai kama da HEPA an ƙara masa wutsiya, ka yi hattara.

Na biyu, ka duba yawan tsabtatacciyar iskar da take fitarwa a awa, a kwalin za ka ga an rubuta CADR. Ɗakinmu na ƙafa 12 da 12 mai silin ƙafa 10 yana ɗaukar iska kusan kubik mita 40. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ba da shawara a 2023 cewa a riƙa sauya iskar ɗaki aƙalla sau 5 a awa. To 40 sau 5, kana neman mai fitar da kubik mita 200 a awa ke nan. Waɗannan 'yan ƙananan da ake ɗorawa kan tebur masu fitila shuɗiya ba za su yi maka komai ba.

Batun wuta kuwa bai kai yadda kake tsoro ba. Yawancin na ɗakin kwana ba su wuce wat 30 zuwa 60. Mai wat 40 in ta kwana awa 8 ta ci wat-awa 320, ƙaramar inbata da batir ɗaya za su riƙe ta.

Bakatsine_Zalla:
Ka ji ko. An fara da na'ura, an koma inbata da batir, gobe a ce farantin sola. Injiniya kasuwarka kake yi wa talla kawai 😂

Injiniyan_Sola:
Wallahi da talla nake da ban faɗi wat 40 ba, da na ce sai ya sayi batir huɗu.

Nas_Rafindadi:
Abban Ilham, kafin a yi nisa ina da tambayoyi, don ni aikin jinya nake kuma a ɓangaren yara. A ɗakin da take kwana ana kunna maganin sauro na igiyar leƙo? Ana sa turaren wuta? Akwai kafet? In sanyi ya tsananta ana shigo da gawayi? Ina kicin yake da tagar ɗakin? Akwai mai shan taba ko shisha a gidan?

Abban_Ilham:
Anti Nas, taba babu alhamdulillah. Igiyar leƙo ana kunnawa kusan kullum. Turaren wuta kuwa, kin san mata, bayan la'asar da bayan isha'i. Kafet akwai tun na aure. Gawayi ba a shigowa da shi sai na kaskon turare.

Nas_Rafindadi:
To ai ga maganar nan ta fito. Ni ban ce na'ura ba ta aiki ba, amma a ɗakin da ake kunna igiyar leƙo a rufe ƙofa a kwana, na'urar hayaƙin da kuka kunna da hannunku za ta kwana tana kokawa da shi. Akwai binciken da aka buga a 2003 wanda ya auna hayaƙin igiyar leƙo guda ɗaya, ya tarar ƙananan ƙwayoyin da take fitarwa sun kai na karan sigari 75 zuwa 137. Wannan a ɗaki rufe, kusa da hancin yarinya mai asma, daga isha'i zuwa asuba. Ka lura kai da bakinka ka ce tarin ya fi tashi daga tsakar dare.

Shawarata ka fara da waɗanda ba su cin ko sisi. A ɗaura gidan sauro a daina kunna igiyar. A fitar da kafet ɗin a shimfiɗa leda ko a bar tayil. A daina shara da tsintsiya busasshiya tana ɗakin, a goge da tsumma mai laima, har saman wadirof da fukafukan fanka. Turare kuma a yi shi a falo ko a ɗakin uwarta, ba inda take kwana ba. Ka gwada haka sati biyu ko uku ka gani. In da kuɗi bayan nan ka ƙara da na'urar, a lokacin ne ma za ta yi amfani.

Kuma don Allah kar a aje abin shaƙar nan saboda an sayi na'ura ko an samu zuma. Na sha ganin iyaye suna ɓoye shi wai yaro zai saba. Ba a sabawa da shi irin yadda ake tsoro, shi ne ke buɗe hanyar numfashi idan ta tsuke.

YarBarno_MaiTurare:
A'a Anti Nas, a bar turare ya huta don Allah. Duk abin da ya faru a ce turaren wuta. Mu a Maiduguri da shi aka haife mu da shi muka girma, ga mu nan garau. Matsalar masu haɗa na banza ne, su zuba sukari ya ƙone su tula turaren kanti mai arha, shi ke shaƙe mutane. Na asali mai icce mai kyau ba ya sa tari.

Jauro_Mashi:
Barebari da kare turare, ko huhu zai tsage ba za su yarda ba. Hajiya ki bari likitoci su yi magana 😄

YarBarno_MaiTurare:
Kai Bafulatani da ka tashi cikin hayaƙin kashin shanu har kana da bakin magana a kan iska mai kyau?

Nas_Rafindadi:
Hajiya ni ma ina sa turare, kuma na yarda na banza ya fi shaƙewa. Amma duk abin da aka ɗora kan garwashi ya yi hayaƙi, ƙwayoyi yake saki cikin iska, mai tsada ne ko mai arha. Mai lafiyayyen huhu zai ɗauka, mai asma ba zai ɗauka ba. A turara ɗaki lokacin da yara suke makaranta, a buɗe taga ya fita, ƙamshin ai yana kama labule da zanin gado ya zauna. Ba sai an zaunar da jariri cikin hayaƙin ba.

YarBarno_MaiTurare:
To wannan kam na yarda, ni ma haka nake gaya wa masu saye. Amma ba a ce a daina ba.

DalibinKimiyya_UMYU:
Ina so in koma kan maganar Bakatsine ta farko, cewa kakanni ba su tace ƙura ba. Ƙurar hunturu ba ta kan titin Ƙofar Guga ba ce kawai. Kaso mai yawa daga wani kwari take tasowa a arewacin Chadi, Bodele, inda tsohon tafki ya ƙafe, kuma ana lissafa shi cikin wuraren da suka fi ko'ina tada ƙura a duniya. Iskar arewa maso gabas ke kwaso ta ta sauke mana daga wajen Nuwamba zuwa Maris. Manyan ƙwayoyin su ne kake gani a kan gilashin mota, hanci na tare da yawansu. Masu haɗarin su ne waɗanda ake kira PM2.5, sun fi silin gashi sirantaka kusan sau 30, suna wucewa har can ƙasan huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idarta ta 2021 ta ce kar su wuce maikirogiram 15 (maikirogiram ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram) a kubik mita ɗaya na iska a matsakaicin yini. Ranar da hazo ya rufe gari har ka kasa hango hasumiyar Gobarau daga nesa, ranar da hukumar hasashen yanayi ta NiMet ke fitar da gargaɗi jirage su kasa sauka, mun ninka wannan adadin nesa ba kusa ba.

Kakanni kuwa sun tace ta mana. Amawalin da ake ja a rufe hanci da baki na mene ne? Buzaye har yau ba su rabuwa da shi.

Dattijo_KofarSoro:
Yaro ya yi magana. Bari in ƙara. Ɗakunan da muka tashi ciki na ƙasa ne, soro, bango mai kauri, taga 'yar ƙarama can sama kusa da azara. Da rana sanyi, da dare ɗumi, ƙura ba ta samun ƙofar shiga sosai. Girki kuma a tsakar gida ake yi, hayaƙi ya tashi sama abinsa. Yanzu kun gina bulo da kwano, kun sa manyan tagogi da ba su rufuwa daidai, kun kai murhu cikin gida kun rufe. Sannan a lokacinmu wa ke ƙona leda? Yau ko garwashi za a haɗa sai an kunna leda an ɗiga a kai. Ku fita bayan magariba ku shaƙi unguwa, kowane lungu bola ce ke ci.

Amma kuma kar in yi maku ƙarya, yara sun mutu da yawa a da. Ciwon haƙarƙari muke ce masa, a yi ta sakiya da tsaga. Ba komai na da ne ya fi ba.

Bakatsine_Zalla:
Baba ranka ya daɗe, kai ma ka juya mani baya? To na ji. Amma zumata tana nan.

Nas_Rafindadi:
Zuma na lafar da tari ga yaron da ya wuce shekara ɗaya, ba musu. Wanda bai kai shekara ba kada a ba shi ko ɗigo. Kuma ba ta buɗe ƙirjin mai asma.

DanKusugu:
Gaisuwa daga Daura. Ni maganar gawayin nan da aka wuce da sauri ita nake so a dawo kanta, don ta fi ƙura kisa nan take. Shekarun baya a unguwarmu, cikin muku-mukun sanyin Janairu, wata mai jego da kakar jaririn suka shigar da kurfoti cike da garwashi ɗaki, suka toshe ƙasan ƙofa da tsumma don kar jariri ya sha sanyi. Da asuba aka yi ta buga ƙofa shiru. Da aka ɓalle, tsohuwar na kwance ba ta san inda kanta yake ba, mai jegon ta yi amai ta kasa ɗaga hannu, garwashin ya zama toka, ɗakin kuma ba wani hayaƙi da za ka gani. Allah ya sa da sauran kwana, duka suka tashi a asibiti. Abin da ya ba ni haushi, da rana gari ya ɗauka wai aljanu ne suka shafe su, wasu suka ce sammu aka sa a kunun kanwa.

Injiniyan_Sola:
Subhanallah. Wannan ita ce iskar kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi, kuma tana manne wa jini fiye da iskar oksijin sau 200 da wani abu. Alamarta ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, daga nan barcin da ba a tashi. In mutanen ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai gaba ɗaya, suka ji sauƙi da suka fita waje, a binciki abin da ke ci da wuta.

A nan ne nake so Abban Ilham da kowa ya riƙe: matacin HEPA ba ya kama wannan iskar ko kaɗan. Ƙwayoyi yake kamawa, ba gas ba. Kana iya kunna na'ura mafi tsada a duniya ta nuna maka koren haske, janareto na baranda yana cika ɗakin da guba. Janareto a kai shi nesa da taga da ƙofa, aƙalla mita 6, bututun hayaƙin ya kalli waje. Na san tsoron ɓarayi ke sa a shigo da shi zaure ko ƙarƙashin bene, a yi masa keji da kwaɗo a waje ya fi. Akwai kuma wata 'yar na'ura mai batir da ke ƙara in ta ji wannan iskar, kuɗinta bai kama ƙafar na'urar tace iska ba. In ɗaya zan saya a gidan da ake kunna inji ko gawayi, ita zan fara saya.

Ummu_Sudais:
To ni yanzu kun rikita ni. Ɗalibi ya ce ƙura na shigowa, ma'ana a rufe taga. Ɗan Kusugu da Injiniya sun ce rufe ɗaki na kisa. Na'urar ma Maman Hanif ba sai an rufe ɗaki take aiki ba? A rufe ko a buɗe?

Maman_Hanif:
E, sai an rufe. In taga na buɗe, Katsina gaba ɗaya kike tacewa.

Nas_Rafindadi:
Ummu Sudais ba ki rikice ba, abin ne da harshe biyu. Yadda nake yi a gidana: in akwai wani abu da ke ci da wuta a ciki, ko risho ne, ko gas, ko kasko, a buɗe, ko da hazo ya kai ina. In akwai mai tari ko mura a ɗaki tare da wasu, a buɗe, don ƙwayoyin cuta a iska suke yawo. In ba wuta, ba mara lafiya, mutum biyu ko uku ne a ɗakin, kuma ranar hazo ce, a rufe ɓangaren da iska ke bugowa, wato gabas da arewa, a bar ɗan sarari a ɗaya ɓangaren. Ranar da gari ya washe a buɗe ko'ina ɗaki ya sha iska.

Malamin_Tsangaya:
Allah ya saka da alheri. Ku masu ɗaki da mutum biyu ke nan. Ni ina da almajirai da ke kwana a zaure ɗaya, in sanyi ya zo kowa na neman ciki, su toshe ko'ina da buhu. Ɗaya ya fara tari, kafin Juma'a duk sun ɗauka. Wace na'ura ce za ta yi mana?

Nas_Rafindadi:
Allah gafarta Malam, naku ba na na'ura ba ne, na taga ne da rage cunkoso da allurar rigakafi. A fasa taga biyu masu kallon juna can sama, iska ta riƙa ratsawa ba tare da ta bugi masu kwance ba, a ƙara masu barguna maimakon toshe ƙofa. Busasshiyar iska da ƙura suna farfasa fatar cikin hanci da maƙogwaro, cunkoso kuma ya sauƙaƙa yaɗuwa, shi ya sa sanƙarau ke tashi daga hunturu zuwa bazara. Manya sun tuna 1996 da ya kashe sama da mutum 11,000 a ƙasar nan, na 2017 kuma Katsina na cikin jihohin da ya taɓa tare da Zamfara da Sakkwato. A 2024 Najeriya ce ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke kare nau'i 5 na ƙwayar cutar. In masu rigakafi sun zo a fito da yara. Mashaƙo ma da ya addabe mu a 2023, yawancin waɗanda ya kama ba su da cikakken rigakafi.

Sannan duk almajirin da tarinsa ya kai sati biyu, ga rama ga zufar dare, a kai shi gwajin majina. Gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati, wata shida ake sha, ana warkewa.

Malamin_Tsangaya:
Na gode ƙwarai. Batun tagar zan yi wa mai unguwa magana, zauren ba nawa ba ne, aro aka ba mu.

Hajjo_Sandamu:
Duk kun yi ta maganar ɗakin kwana, ba wanda ya tuna da mu da ke tsugune gaban murhu. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya tashi, gidaje da yawa da suka fara gas sun jingine tukunyar sun koma icce da gawayi. A ƙauye ma dama kara ne da kashin shanu. Mace na hura wuta, idanu na hawaye, goyo na bayanta yana shaƙa tare da ita, safe da rana da dare. In aka ce biki ko suna kuwa a wuni a ciki. Tsofaffinmu mata nawa ne ke fama da tarin da ba ya jin magani alhali ko karan sigari ba su taɓa riƙewa ba?

DalibinKimiyya_UMYU:
Hajjo gaskiyarki. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda akasarinta hayaƙin girki ne, ta yi sanadin mutuwar kusan mutum miliyan 3.2 a 2020, ciki har da yara 'yan ƙasa da shekara biyar sama da 237,000.

Hajjo_Sandamu:
Ka gani. Mu nan an taɓa yin wani shiri da Tarayyar Turai ta ɗauki nauyi tare da ƙungiyar agaji ta Oxfam a ƙananan hukumomi 7 na yankinmu, aka koya wa masu ginin tukwane yin murhun laka mai tsimin icce. Nawa yana nan ina amfani da shi. Icce kaɗan yake ci, hayaƙin ma ya ragu, ko da yake bai ɗauke ba. Abin da na ƙara da shi, na daina girki da ɗanyen icce, na fitar da murhun rumfa mai buɗaɗɗen gefe, kuma in zan hura wuta sai na sauke goyo na miƙa wa yayarsa.

Sarkin_Gayu001:
Ni dai AC gare ni, ba ruwana da ƙura.

Injiniyan_Sola:
Ranka ya daɗe, AC ɗinka iskar ɗakin yake juyawa yana sanyaya ta, ragar cikinsa manyan ƙura kawai take tarewa. Yaushe rabonka da ciro ta ka wanke?

Sarkin_Gayu001:
Ana cirewa ne?

Amaryar_Layout:
😂😂 Allah ya shirya. Ni tambayata, na ga ana tallar wata mai fitar da tururi mai sanyi, ana ɗiga mata turare, an ce ita ma tana tsabtace iska. Kuma na karanta cewa shuke-shuken cikin ɗaki na yi, har da sunan hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, aka ambata.

DalibinKimiyya_UMYU:
Mai tururin daban ce, laima take ƙara wa iska, ba ta tace komai. Tana da amfaninta, don a hunturu laimar iska na faɗuwa ƙasa da kashi 20, shi ke kawo haɓo da fashewar leɓe da bushewar maƙogwaro. Amma in ba a zubar da ruwan ana wanke ta a kai a kai ba, ƙwayoyin cuta da fumfuna za ta riƙa fesowa. Ɗiga mata turare kuma ga mai asma ƙarin matsala ne. Binciken NASA na 1989 gaskiya ne an yi, amma a cikin ƙananan akwatuna rufaffu aka gwada. A ɗaki na gaske sai kin cika shi da tukwanen shuka har ki rasa wurin shimfiɗa kafin su yi abin da taga ɗaya ke yi. Ki aje su don ado.

Wadda nake jan kunne a kai ita ce mai fitar da iskar ozon, wadda ake cewa tana kashe wari da ƙwayoyin cuta. Ozon na ƙona hanyar numfashi, yana tada asma. Kar a kai ta ɗakin yaro.

Bakatsine_Zalla:
To tunda kun ce fanka ce da mataci, mi zai hana in ɗaura tsumma a bayan fankata?

Injiniyan_Sola:
Ka yi wasa amma ka kusa gaskiya. A 2020 lokacin korona wasu Amurkawa biyu, Corsi da Rosenthal, sun fito da dabarar haɗa matatai huɗu masu lambar ƙarfin tacewa MERV 13 a yi akwati, a ɗora fanka mai kusurwa huɗu a sama a liƙe da salatif. An gwada, tana aiki sosai. Matsalarmu samun irin matatan a nan. Tsumma kuwa manyan ƙura zai tare, ƙananan su wuce, ya kuma wahalar da injin fankar ya yi zafi. Jiƙaƙƙen labule ko buhun algarara a taga ya fi wannan, yana rage ƙura ya ƙara ɗan laima, sai dai a riƙa wanke shi.

Abban_Ilham:
Na gode jama'a, ban zaci maganar za ta kai nan ba. Jiya mun kwana ba igiyar leƙo, na ɗaura gidan sauron da aka raba mana tun bara yana cikin leda. Kafet ɗin ne ake ta fama, uwargida ta ce kayan ɗakinta ne, iyayenta suka saya, ba inda za shi. Na ɗaga gefensa ɗaya in nuna mata, ƙasar da ke ƙarƙashi ta isa a shuka gero. Ta yi shiru amma ba ta ce e ba. Na'urar ban fasa ba, ban kuma saya ba tukuna.

Maman_Hanif:
Kar ka ce a jefar, ka ce za a kai wanki a naɗe a aje sai damina. Haka na yi da nawa, damina biyu ke nan yana sito.

Nas_Rafindadi:
Abu ɗaya da ban faɗa ba, ga duk mai ƙaramin yaro. Ba kowane tarin hunturu ne mura ba. A ɗaga rigar yaro yana kwance a natse a ƙirga numfashinsa na minti ɗaya. Ɗan wata 2 zuwa 11 in ya kai 50, ɗan shekara 1 zuwa 5 in ya kai 40, ko ka ga ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki in ya ja numfashi, ko ya kasa shan nono, to alamar limoniya ce, asibiti a ranar, ba kemis ba, ba sirace ba. Siracen ma a yi hankali, yaran da tafasasshen ruwa ya ƙona a garin sirace ba kaɗan nake gani ba.

Jauro_Mashi:
Mu masu hawa babur daga Mashi zuwa Katsina kullum fa? Takunkumin ƙyalle da muka saba tun korona yana yi ko sai wani?

DalibinKimiyya_UMYU:
Na ƙyalle ya fi babu, amma mai lamba N95 ko KN95 shi ke tare ƙananan, in ya zauna daram a fuska ba iska ta gefe. Mai gemu ba ya samun cikakken amfaninsa.

Jauro_Mashi:
To an zo wurin. Gemuna ba inda za shi, rawani zan ci gaba da naɗawa.

YarBarno_MaiTurare:
Abban Ilham ka ce wa Maman Ilham ta yi mani magana ta akwatin saƙo, akwai humra da turaren tsuguno da na kaya wanda ba sai an banka wa ɗakin yara hayaƙi ba.

Bakatsine_Zalla:
Na faɗa maku kowa a zauren nan kasuwarsa yake ci. Wa ke da zuma mai kyau ta saƙa, ba ta sukari ba? Ta wajen Jibiya nake nema.